Ragar Jijiyar Zuciya Mai Narkewa, da Abin da Shekaru Suka Bayyana na Halinta

Wannan sharhi domin jama'a ne masu saurarenmu na Toranke da Ajingi da Gaya, da na sauran garuruwan gabashin Kano inda wannan murya take kaiwa.

Tun da fita neman magani ƙasashen waje ta yawaita a 'yan shekarun nan, ba baƙon abu ba ne a ji ana cewa alhaji wane, ko tsohon ma'aikaci wane, an kai shi Indiya ko Masar ko Saudiyya, ya komo, kuma an sa masa ƙarfe a zuciya. Sai masu zuwa dubiya su yi ta jinjina al'amarin, suna tambayar juna yadda ɗan Adam zai yi ta yawo da ƙarfe a ƙirji har ranar da za a kai shi makwancinsa. Daga baya kuma wani labari ya biyo, wai akwai wata iri wadda ba ta ƙarfe ba ce, wadda in ta gama aikinta sai ta narke ta bi jiki. Duk wanda ya ji wannan, ransa yakan karkata gare ta nan take, domin a zahiri babu mai hankalin da zai zaɓi abin da zai zauna masa har abada, alhali ga wanda zai yi aikinsa ya gushe. To, sharhinmu na yau a kan wannan mai narkewar yake, da abin da ya bayyana na halinta bayan an sa wa dubban mutane ita, aka kuma bi su shekara da shekaru, saboda hukuncin da likitoci suka yanke mata a shekarar farko dabam, wanda suka yanke a ta uku dabam, na shekara ta biyar kuma dabam.

Sai mu fara da ita jijiyar. Zuciya, duk da kasancewarta cike da jini dare da rana, ba daga wannan jinin da take turawa ba take ci. Tana da nata ƙananan jijiyoyin da suka kewaye ta daga waje suka ratsa cikin namanta, waɗanda faɗin manyansu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Wannan mas'ala kuwa malaman ɗibbu na Musulunci sun taɓa ta tun da daɗewa, domin Ibnul Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a can a shekarar 1288, a cikin sharhin da ya yi wa ɓangaren halittar jiki na littafin Ƙanun na Ibnu Sina, ya ƙi yarda da cewa zuciya daga jinin da ke ɗakinta na dama take samun abinci, ya ce daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta ne. Idan shekaru suka ja, musamman ga mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko mashayin taba, sai kitse ya riƙa taruwa a cikin bangon waɗannan jijiyoyi har hanya ta ƙuntata, mutum ya riƙa jin ƙirjinsa ya ɗaure in ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, ya kuma sake shi in ya huta. Ran da wannan tarin kitse ya fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya ɗungum, ran nan ne naman zuciya yake fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. A da ana ɗaukar wannan ciwo a matsayin na Turawa, har wata bita da aka buga a 2006 ta majinyatan shekara biyar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ta sami masu shi ba su kai kashi 1 cikin 100 na waɗanda aka kwantar a sashen magani ba. Amma rajistar da Farfesa Simeon Isezuo na Sakkwato ya jagoranta, wadda aka buga a 2022, ta tattara mutum 1,072 daga asibitocin Nijeriya dabam-dabam, ta kuma nuna cewa ciwon ya zauna a cikinmu, kuma mafi yawan masu shi a makare suke isa asibiti.

Buɗe jijiyar da ta toshe ba tare da an tsaga ƙirji ba, abu ne na jiya-jiya. A watan Satumba na 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wani likita Bajamushe mai suna Andreas Gruntzig ya zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har ya kai zuciyar wani majinyaci, ya hura 'yar balan-balan a inda aka sami ƙunci, hanya ta buɗe. Sai dai jijiyar da aka buɗe da ƙarfin tsiya takan tsage daga ciki, wani lokaci ta rufe nan take, kuma wajen mutum 3 ko 4 cikin 10 sukan komo cikin wata shida hanyar ta sake tsukewa. Wannan ne ya sa a 1986 Jacques Puel a Tulus ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lozan suka fara barin wata 'yar raga ta ƙarfe a wurin, wadda likitoci ke kira sitent, domin ta tokare bango kada ya komo. Ta tokare kuwa, amma nama ya riƙa tsirowa ta cikin idanunta yana cike hanya, har sai da aka shafe ta da maganin da ke hana wannan tsiro, aka fara sayar da irin wannan a Turai a 2002, a Amurka kuma a 2003, sa'an nan masu komowa suka ragu zuwa ƙasa da 1 cikin 10.

To, in haka ne, me ya kai masana ga neman wata? Dalilinsu mai ƙarfi ne, kuma ya kamata a yi musu adalci a faɗe shi yadda yake. Jijiya halitta ce mai rai, tana buɗewa in mutum ya motsa, tana tsukewa in ya kwanta, tana lanƙwasa tare da kowane bugu na zuciya, wanda yake kaiwa wajen sau 100,000 a yini da dare. Ragar ƙarfe kuwa ta ɗaure wannan yanki ke nan har ƙarshen rayuwa. Tana iya rufe bakin ƙananan rassa, tana iya hana likitan tiyata wurin da zai ɗinka sabuwar hanya in an bukaci haka nan gaba, kuma ko bayan shekara goma ana samun 'yan kaɗan da sabon kitse yake taruwa a cikinta, ko jini ya daskare a kanta. Alhali kuwa tokarin da jijiya take bukata na 'yan watanni ne kawai, kafin ta warke ta tsaya da kanta. Mu da muka san aikin maɗori mun fahimci wannan hujja sarai: yakan jera karare ya ɗaure karaya da su, in ƙashi ya kama sai ya kwance ya zubar, ba wanda yake barin ɗori a ƙafa har mutuwa. Sai dai fa maɗori rana ɗaya yake kwance nasa, da hannunsa, yana kallo; wannan ɗorin kuwa a ciki yake, zai kwance kansa ne sannu a hankali cikin shekaru, ba mai ganinsa, kuma jini yana gudana a kansa ba dare ba rana. A nan duk al'amarin ya ta'allaƙa.

Wanda ya fara gwada ta a jikin mutane shi ne likita Hideo Tamai na ƙasar Jafan, tare da wani injiniya mai suna Igaki, inda tsakanin 1998 da 2000 suka sa wa mutum 50 raga ta wata irin roba, ba tare da magani a jikinta ba. Da aka buga labarinsu a 2012, bayan an bi su fiye da shekara goma, sai aka ga ragar ta ɓace cikin shekara uku, kuma mutum ɗaya ne kaɗai ya rasu ta dalilin zuciya, ko da yake wasu sai da aka sake buɗe musu hanya. Wadda ta cika duniya kuwa ita ce mai suna Absorb ta kamfanin Abbott na Amurka, wadda likita John Ormiston ya fara sa wa mutum a birnin Okland na Niyu Zilan a 2006. Turai ta yarda da ita a farkon 2011, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma a watan Yuli na 2016, aka yi ta yi mata kirari a tarukan likitoci da cewa ita ce juyin juya hali na huɗu, bayan balan-balan da ƙarfe tsura da ƙarfe mai magani.

Yanzu sai mu bi ta daki-daki daga ranar da aka sa ta. Robar da aka yi ta da ita, asalinta sinadarin nan ne da yake sa nono tsami, wanda jikinmu ma yake samarwa in tsoka ta yi aiki, aka ƙulla ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya suka zama dogayen sarƙoƙi. Danginsa ne ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. Da yake roba ba ta kai ƙarfe ƙarfi ba, ala tilas aka yi silinta da kauri, wajen maikiron 150, wato kashi 150 cikin 1,000 na milimita, alhali silin ragar ƙarfe ta wannan kamfani mai suna Xience maikiron 81 ne. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma a cikin hanyar da faɗinta duka milimita 3 ne, babba ne ƙwarai, domin sili mai kauri ba ya nutsewa cikin bango yadda siriri yake yi, yana tsayawa ne a kan hanyar jini, jinin ya riƙa yin juyi a bayansa, kuma duk inda jini ya yi juyi ya rage gudu, nan ne yake son daskarewa. Bugu da ƙari, ƙarfe in ka buɗe shi fiye da kima sai ya miƙe, roba kuwa sai ta tsinke. Saboda haka likitan da bai auna jijiya daidai ba ya shiga tsaka mai wuya, in ya bar ta ba ta manne da bango ba da haɗari, in ya ƙara hura ta kuma da haɗari.

A watan farko mafi yawan maganin da aka shafa mata yake fita, yana hana nama tsirowa fiye da kima, kuma a wata shidan farko tana nan da ƙarfinta tana tokare da bango. Amma tun daga rana ta farko ruwan jiki ya fara shiga cikinta yana tsinka waɗancan sarƙoƙi, ba daga waje yake cin ta ba yadda tsatsa take cin ƙarfe, a'a, ko'ina cikinta yake ratsawa lokaci guda, har ta kai ga cewa in aka leƙa da na'ura za a gan ta da siffarta cif, alhali a baɗini ƙarfinta ya tafi. Daga wata shida zuwa shekara guda mahaɗanta suke fara rabuwa, tokari ya ƙare, kuma wannan abu ne da aka nufa, ba kuskure ba ne. Sai a shekara ta biyu da ta uku ne jikinta da kansa yake raguwa, gutsattsarinta su koma waccan ƙwaya ta asali, jiki ya ƙone ta yadda yake ƙone abinci, ta fita a matsayin ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Gurbin da kowane sili ya bari kuwa sai wani abu mai yauƙi ya cike shi, daga baya ya zama naman bango. Abin da yake saura har abada ɗigo ne ƙanana na farin ƙarfe mai daraja da ake kira filatinam a bakinta biyu, waɗanda aka sa domin likita ya gane wurin a hoto.

Sharaɗin da wannan tsari duka ya rataya a kansa guda ɗaya ne: kafin mahaɗai su fara rabuwa, lalle ne fatar cikin jijiya ta riga ta tsiro ta lulluɓe kowane sili, ta yadda in ya karye, a cikin bango zai karye, kamar ba a yi ba. Idan kuwa akwai wani sashe da tun ran farko bai manne ba, ko wanda ya ratsa bakin wani reshe inda babu bangon da zai rufe shi, to ranar da ya rasa abin da yake riƙe shi sai ya faɗo cikin hanyar jini, jini ya taru a kansa ya daskare, mutumin da ya yi shekara biyu yana ganin ya warke sarai ya faɗi da ciwon ƙirji. Likitocin birnin Ban na Suwizalan da abokan aikinsu, da suka tattara irin waɗannan majinyata suka leƙa jijiyoyinsu da siririyar na'urar haske, sun sami cewa wannan rushewa ta cikin hanya ita ce sababi mafi yawa a cikinsu. Wannan wata illa ce sabuwa fil, wadda ragar ƙarfe ba ta da ita, domin abin da ba ya narkewa ba ya rushewa.

Gwaje-gwajen farko ba su nuna haka ba, saboda mutum 30 ne a rukunin farko, 101 a na biyu, kuma an zaɓe su ne masu ƙunci gajere mai sauƙi. Hotunansu kuwa sun yi kyau har suka ruɗi manyan masana. Da aka zo babban gwaji, inda ake raba majinyata biyu da ƙuri'a, a sa wa waɗannan mai narkewa, waɗancan ta ƙarfe, sai magana ta sauya. A gwajin Amurka mai suna ABSORB III, na mutum 2,008, a shekarar farko waɗanda suka sami matsala a wurin ragar kashi 7.8 cikin 100 ne a ɓangaren mai narkewa, 6.1 a na ƙarfe, aka ce wannan tazara ba ta kai a damu ba, a kan haka ma Amurka ta ba ta izini. Amma a ƙarshen 2016 gwajin Turai na mutum 501, wanda Farfesa Patrick Serruys ya jagoranta, shi da yake cikin manyan masu yi mata fata, ya kawo sakamakon shekara uku, ya nuna cewa jijiyar ba ta fi ta masu ƙarfe motsi ba, hanyar ma ta fi tsukewa, wato babban alkawarin da aka yi bai cika ba. A watan Maris na 2017 masu gwajin birnin Amsterdam na Holan, na mutum 1,845, suka fito da nasu kafin lokacin da suka ɗiba, bisa shawarar kwamitin da ke kula da lafiyar majinyatan, domin jini ya daskare a ragar mutum 31 masu mai narkewa, 8 kawai a masu ta ƙarfe. Shi ma gwajin Amurka, da ya cika shekara uku, ya sami daskarewar jini a kashi 2.3 na masu mai narkewa, 0.7 na masu ta ƙarfe. A watan Satumba na 2017 kamfanin ya daina sayar da ita a duniya duka, ya ce ciniki ne ya yi ƙasa, a shekarar da ta biyo kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce kada a sa wa kowa irin wannan raga sai a cikin bincike.

A lura fa, jama'a, kashi 2 ko 3 cikin 100 muke magana, ba rabin mutane ba. Mafi yawan waɗanda aka sa wa ita sun wuce lafiya. Amma a wannan fage ba da rashin magani ake gwada sabon abu ba, da wanda ake da shi a hannu ake gwada shi, kuma ragar ƙarfe ta zamani ta riga ta yi nagartar da ƙwace mata wuri sai an shirya.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne abin da ya biyo bayan an riga an kore ta daga kasuwa, domin masu bincike ba su watsar da majinyatansu ba, sun ci gaba da bin su. Da aka haɗa manyan gwaje-gwajen aka duba tsakanin shekara ta uku da ta biyar, wato bayan narkewa ta kammala, sai aka ga ƙarin haɗarin nan ya gushe baki ɗaya, daskarewar jini ta zama abu nadiri a ɓangarorin biyu. Ma'ana dai, hasashen masanan bai zama ƙarya ɗungum ba: jijiyar da ta tsallake shekara ukun nan ta sami kwanciyar hankali. Sai dai ba a ga wata riba bayyananna da ta biya asarar shekarun farko ba, kuma ko a gwaji na huɗu, na mutum wajen 2,600, inda aka koya wa likitoci su share hanya da kyau, su auna daidai, su ƙara manna ragar bayan sun sa, su kuma guji ƙananan jijiyoyi, lissafin masu matsala a wurin ragar cikin shekara biyar ya tsaya a kashi 17.5 ga mai narkewa, 14.5 ga ta ƙarfe. A ganina kuskuren da aka yi na gaggawa ne: an ba da izini ga abin da zai yi shekara uku yana sauyawa bisa shaidar shekara guda, ga shi kuwa duk amfanin da ake fata daga gare shi yana bayan narkewa ne, duk haɗarinsa kuma yana cikin narkewar.

Neman bai tsaya ba. Kamfanin Biotronik na Jamus ya yi tasa da ƙarfen maganiziyam, mai suna Magmaris, wadda Turai ta yarda da ita a 2016, ita kuwa cikin shekara guda kusan duka take narkewa, ta bar wani abu mai kama da sinadarin ƙashi a gurbinta. Ta fi roba sauri, don haka kwanakin haɗari sun fi gajarta, amma tsoron da ake yi mata shi ne ta saki bango tun bai gama tsayawa ba. A Indiya, inda da yawa daga mutanenmu suke zuwa, kamfanin Meril yana da ta roba mai silin maikiron 100, a ƙasar Sin kuma akwai irinsu da dama, har da wadda aka ƙera da baƙin ƙarfe, siririya ƙwarai, wadda tsatsa ce take cinye ta a hankali. Mutanen Gaya, waɗanda tarihin baka ya ce maƙeransu ne suka fara zuwa Dutsen Dala neman tama har Kano ta kafu, sai su ji wannan: tsatsar da kakanninsu suka ɗauka abokiyar gaba, yau ita ake roƙo ta yi aiki bisa ƙa'ida. Duk waɗannan sababbi, hujjarsu ta dogon lokaci a kan dubban mutane ba ta kai ta ragar ƙarfe mai magani ba tukuna.

Inda wannan dabara ta fara samun gindin zama, abin mamaki, ba a zuciya ba ne, a ƙafa ne. Jijiyoyin ƙasan gwiwa, waɗanda suke toshewa ga masu ciwon suga har gyambo ya ƙi warkewa a kai ga yanke ƙafa, ba a saba barin ƙarfe a cikinsu ba, balan-balan kaɗai ake hurawa. Saboda haka abokin gasar a can mai rauni ne. A wani gwaji na mutum 261 da aka buga a 2023, ragar roba mai narkewa ta wancan kamfani na Abbott, wadda aka rage wa kauri, ta ba da sakamako mai kyau ga kashi 74 cikin 100 a shekara guda, balan-balan kuwa 44, kuma a watan Afrilu na 2024 Amurka ta ba ta izini. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin majinyata a Gaya ko Wudil ko Kano ya ga ƙafafun masu suga, ya san wannan labari ya fi kusa da mu.

To, ina mutumin Toranke a cikin wannan duka? Wanda aka kai shi Abuja ko Legas ko wata ƙasa, aka ce ga mai tsada wadda take narkewa, ga kuma ta ƙarfe, kada 'ya'yansa su ɗauka cewa biyan mai tsadar shi ne cikar biyayya ga mahaifi. Ya kamata su tambayi likita sunanta, da mutum nawa aka gwada ta a kansu, da shekara nawa aka bi su, kuma mafi muhimmanci, wata nawa zai yi yana shan maganin tsinka jini iri biyu, wato asfirin da abokinsa irin su kulofidogirel. Mai ragar ƙarfe ta zamani yawanci wata 6 zuwa 12 ake ɗibar masa, wani ma ƙasa da haka. Masu waccan ta roba kuwa, da matsala ta bayyana, likitoci da yawa sun ce su ci gaba har shekara uku, sai an tabbata ta narke. Shekara uku ga wanda gidansa yake kusa da babban asibiti abu ne mai sauƙi. Ga wanda kuwa in ƙirjinsa ya riƙe da tsakar dare sai an nemo mota an bi ta Gaya da Wudil kafin a ga Kano, wanda kuma maganinsa yakan yanke in kemis ba shi da shi ko aljihu ya yi sanyi kafin kaka, lissafin dabam ne. Raga mafi dacewa da irinmu ita ce wadda ta fi haƙuri da sakaci da nisa, kuma zuwa yau ta ƙarfen ce.

Waɗanda aka sa wa Absorb tsakanin 2011 da 2017, in akwai su cikin masu saurare, tasu ta daɗe da narkewa, ba su da abin firgita ta wannan fuska. Sai dai ragar ce ta narke, ciwon da ya kawo ta yana nan a sauran jijiyoyi, don haka maganin hawan jini da na kitse da na suga ba a ajiye su. Kowa kuma da aka sa wa raga, ko wace iri ce, ya adana 'yar takardar da ake ba shi mai sunanta da girmanta da ranar da aka sa ta, ya riƙa tafiya da ita duk asibitin da za shi. In za a cire masa haƙori, ko za a yi masa wata tiyata, wani ya ce ya dakatar da maganin tsinka jini na mako guda, kada ya yarda sai likitan zuciya ya sani, domin dakatarwar 'yan kwanaki a watannin farko tana cikin manyan sabubban toshewar raga. Haka nan ya gaya wa wanzami kafin a yi masa ƙaho ko tsaga, tun da jininsa ba zai tsaya da wuri ba, ya kuma guji haɗa magungunan ciwon jiki na kan tebur da nasa, saboda suna iya jawo zubar jini a ciki. In watan azumi ya gabato, ya je tun cikin Sha'aban likita ya duba ko jikinsa zai ɗauka, in zai ɗauka ya tsara masa lokutan shan ƙwayoyin tsakanin buɗa baki da sahur, ta yadda ba ranar da za ta wuce bai sha ba.